Digirin digirgir a saikolojin ilimi: likita ake zama ko me, kuma wa ya kamata ya yanki fom?

Wai shin mai digirin digirgir a saikolojin ilimi likita ne? In aka kawo masa mai taɓin hankali zai duba shi ya rubuta magani? In kuma ba zai iya ba, to me ya kwashe shekara biyar ko shida yana yi a jami'a har furfura ta cika masa gemu? Shi kuma mai niyyar shiga, abin zai biya shi kuwa ko wahalar banza zai sha?

Tambayoyin nan ba sa tsufa, da zarar jami'o'i sun fara sayar da fom na karatun gaba da digiri sai ka ga sun dawo sabbi fil a majalisa da Facebook, yanzu kuma ga su sun haɗu da cacar bakin da ake ta yi kan wa ya cancanci a kira shi Dakta, tunda dai sunan ya koma kamar hula a kasuwa, kowa ya samu kuɗi sai ya saya ya kifa a ka.

Ni abin da ya sa ma na zauna rubutun nan, wani abokina ne da muka yi karatun tare, ranar walimar gamawarsa ana tsakiyar cin shinkafa gwaggonsa ta ja shi gefe ta ce, Dakta tunda Allah ya sa ka gama, ga ɗan maƙwabciyata can kwana uku ba ya barci sai surutai, ka taimaka ka rubuta masa magani. Ya ce Gwaggo ai ni ba irin wannan daktan ba ne. Ta kalle shi sama da ƙasa ta ce to kai wane iri ne? Wallahi har aka watse bai iya ba ta amsar da ta gamsu ba.

Dakta ba iri ɗaya ba ne

Bari mu warware zare da abawa tukuna. Likitan asibiti shi ne wanda ya yi MBBS shekara shida, ya yi shekara guda ta horo a asibiti, ya yi rajista da majalisar likitoci. In ya ƙara wasu shekarun ya ƙware a ɓangaren ƙwaƙwalwa to shi ne za ka tarar a Barnawa ta Kaduna ko Kware ta Sakkwato ko Dawanau a Kano, kuma shi ke da hurumin rubuta magani, can ya kamata a kai ɗan maƙwabciyar Gwaggo. Akwai kuma masu saikoloji na asibiti da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da shi, su nasu da zantawa da gwaje-gwaje ne, ba sa ba da ƙwaya.

Mai PhD kuwa, wato digirin digirgir, daktan bincike ne. Wani abin da mutane ba su sani ba, ita kalmar dakta daga Latin ta fito kuma tushenta koyarwa take nufi, malaman jami'a ne suka fara amsa ta a Turai tun kafin ta zama ta likitoci, don haka ba kwace ya yi ba. Ana ba shi ita ne saboda ya gano wani abu da ba a sani ba a fanninsa, komai ƙanƙantarsa, ya rubuta, ya kare a gaban malamai.

Sai na ukun, dakta na girmamawa, wanda jami'a ke ba mutum don wata hidima da ya yi, babu aji babu kundi. Tun 2012 shugabannin jami'o'in Najeriya suka zauna a Keffi suka yi yarjejeniya cewa a daina ba masu riƙe da muƙamin siyasa, amma kowa ya san yadda abin ya kasance bayan nan. Ga kuma batun Kwatano, inda a ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya samo digirin farko cikin sati shida, abin da ya sa a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo. Duk wannan ya taru ya sa wanda ya sha wuya da wanda ya saya ana yi musu kallo ɗaya.

To shi saikolojin ilimin me ake karantawa a ciki?

A taƙaice, nazarin yadda mutum ke koyo ne. Me ke sa abu ya zauna a ka, me ke sa a manta, me ya sa yaro ɗaya ke son makaranta ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya sai an kora shi da bulala, a wane shekaru yaro ke iya ɗaukar wane irin darasi, kuma ya za a auna abin da ya koya awon gaskiya. Ba karanta zuciyar mutane ba ne, in ka ji wani ya ce maka ya yi saikoloji don haka da ya kalle ka ya san abin da ke ranka, ka shafa wa kanka ruwa.

Fannin ya haura shekara ɗari. Wani Ba'amurke Edward Thorndike da kyanwa ya yi gwajinsa, zai kulle ta a akwati mai ɗan maɓalli ya ajiye abinci a waje, farko sai ta yi ta kokawa har ta taka maɓallin bisa tsautsayi, ana maimaitawa lokacin fitarta na raguwa. Daga nan ya fitar da ƙa'idar cewa aikin da ya jawo sakamako mai daɗi shi ake maimaitawa, kuma a 1903 ya fitar da littafi da sunan fannin. A Faransa kuma Alfred Binet da abokin aikinsa Simon suka haɗa gwajin basira a 1905, ba don a yi wa yara tambarin daƙiƙanci ba, don a gano waɗanda ke buƙatar taimako na musamman ne a makarantun Paris.

Gwajin Jean Piaget, mutumin Suwizalan, kana iya yin sa yau a tsakar gidanka. Samo kofi biyu iri ɗaya ka zuba ruwa daidai wa daida, yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ya yarda daidai suke, sai ka juye ɗaya a gaban idonsa cikin wani dogon siririn kofi ka ce wanne ya fi yawa. Zai nuna dogon. Na yi da 'yata, har rantsuwa take yi dogon ya fi, yayanta ɗan shekara takwas yana gefe yana mata dariya. Ba wauta ba ce, tunanin ne bai kai wannan matakin ba, kuma malamin firamare da ya san haka ba zai zane yaro don ya kasa abin da lokacinsa bai yi ba.

Amma inda ni abin ya fi taɓa ni shi ne Ebbinghaus da Vygotsky. Hermann Ebbinghaus Bajamushe ne, a 1885 ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, ya haddace gaɓoɓi marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa, ya gano mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da ranar farko sannan ta lafa, kuma maimaici a rarrabe cikin kwanaki ya fi a zauna a yi shi dare ɗaya. Ranar da aka koya mana wannan sai na tuna makarantar allo. Alaramma bai taɓa jin sunan Bajamushen nan ba amma ba zai bari ka wanke allo ba sai ka biya ba gyara, da asuba a maimaita, da dare a zagaye wuta a sake, ga tilawar baya da ba a yarda a sake ta. Shi kuma Lev Vygotsky na Rasha, wanda ya rasu a 1934 yana ɗan shekara 37, cewa ya yi koyo na faruwa ne a tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in wanda ya fi shi ya ɗan tallafe shi. To me gardi ke yi in ya zauna yana biya wa kolo, yana ja yana sakar masa har ya tsaya da ƙafarsa? Abin dariyar ma a jami'a tsangayar ilimi ake kiran wurin da ake karatun nan, amma ɗaya tsangayar da ke bayan katanga ba kasafai ake leƙa ta da niyyar koyo ba, sai dai a je a ƙirga matsalolinta.

Kar kuma a haɗa shi da fannin ba da shawara da jagoranci, wanda ake ce wa G and C. 'Yan gida ɗaya ne, a ABU Zariya ma sashe guda suke, amma shi mai ba da shawara zama yake da ɗalibi kan damuwarsa da zaɓin kwas, shi kuwa wannan ƙarfinsa a bincike da awo yake.

Tarkon suna ga masu son fita waje

Nan mutane da yawa ke ruftawa. A Ingila in aka ce maka wane mai saikolojin ilimi ne, to sana'a ce mai lasisi, digirin dakta na shekara uku ake yi wanda rabinsa aiki ne a makarantu da ƙananan hukumomi, sai ka yi rajista da HCPC, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya ta can, kafin doka ta yarda ka amsa sunan, aikinka duba yara masu buƙata ta musamman da rubuta rahoto a kansu. A Amurka mai irin wannan aikin sunansa daban, saikolojin makaranta ake ce wa nasa fannin, PhD a saikolojin ilimi kuwa na bincike ne zalla kuma yakan ci shekara biyar zuwa shida. Namu na Najeriya ya fi kama da na Amurkan, wato da digirinka na BUK ko ABU ba za ka sauka Landan ka fara duba yara ba, sai dai koyarwa ko bincike. Akwai kuma EdD, shi ma dakta ne amma ya fi karkata ga masu gudanar da makarantu.

Daga yankar fom zuwa ranar estanal

Galibin jami'o'inmu suna neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi, digirin farko, da mastas na ilimi a fannin ko makusancinsa mai makin da ya kai 3.5 cikin 5, wasu su ce kashi 60. A kula, mastas iri biyu ne, akwai na ilimi mai kundin bincike akwai na ƙwarewar aiki da ma'aikata ke yi ƙarshen mako, na biyun yawanci ba ya kai mutum PhD, na ga wanda sai bayan ya biya kuɗin fom ya san haka. Wanda makinsa bai kai ba wasu wuraren ta MPhil ake bi da shi, wani digirin bincike da ke ƙasa da PhD, wanda kuma digirinsa ba na koyarwa ba ne sai ya nemi PGDE, wato difloma ta koyarwa ta bayan digiri.

A takarda zangon karatu shida ne mafi ƙaranci ga mai yi cikakken lokaci, shekara uku ke nan. Shekarar farko aji ne, ka'idojin koyo, girman ɗan'adam daga goyo zuwa tsufa, awo da gwaji, dabarun bincike, sai kuma dodon kowa wato lissafin ƙididdiga. Duk wanda ya gudo fannin ilimi don tsoron lissafi to a nan zai tarar da shi zaune yana jiransa, su t-test da ANOVA da ANCOVA, kuma sai ka iya SPSS, manhajar kwamfuta ta lissafin, da hannunka in ba so kake wani yaro a shagon kwamfuta ya riƙa juya ka yadda ya ga dama ba.

Bayan nan a ba ka sufabaiza, wani wurin biyu ko uku, ka rubuta babi uku na farko ka zo ka kare furofozal a semina. In ka tsallake sai ka kai kayan awonka wurin masana su duba, ka yi gwajin gwaji a wata makaranta, ka fita fili ka tattaro bayanai, ka dawo ka rubuta babi na huɗu da na biyar. Sai difens na cikin gida, sai a saka kundin a manhajar kama satar rubutu, wurare da yawa kuma sai ka nuna ka buga takarda a mujallar ilimi, sannan a ɗauko farfesa daga wata jami'a ya zo estanal. Ranar wanka ke nan ba a ɓoyon cibi. Ni na ga magidanci mai 'ya'ya tara an tambaye shi me ya sa ya yi amfani da ANCOVA ba ANOVA ba, ya tsaya yana kallon silin gumi na bin bayan kunnensa, saboda ba shi ya yi lissafin ba kuma kowa a ɗakin ya gane. Ko ka wuce ma da saura, akwai gyara, akwai ɗaurin kundi, akwai makarantar gaba da digiri, sai majalisar jami'a ta amince kafin ka zama Dakta a hukumance.

Me ke mayar da shekara uku ta koma bakwai?

Na farko sufabaiza, kuma ba kullum mugunta ba ce. Farfesa ɗaya da ɗaliban PhD da na mastas rututu, ga ajin 'yan digirin farko mai ɗaruruwan mutane, ga mitin, ga shi shi ma estanal ne a wata jami'ar. Babina na biyu wata biyar ya yi a bayan motar wani malami, da na karɓo shi har da tabon manja a bangon. Amma akwai na gangan ma, kar mu yi wa kanmu ƙarya, akwai wanda sai ka zama ɗan aikensa, akwai mata da ake wa abin da baki ba zai faɗa ba, kuma ɗalibi na tsoron kai ƙara don wanda zai kai ƙarar shi ke riƙe da alƙalamin.

Sai yajin aiki. Na ASUU na 2020 wata tara ya ci ya haɗu da korona, na 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Wanda ya shiga a 2019 ka lissafa masa da kanka.

Sai kuɗi. TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na ɗaukar nauyin karatu, gaskiya ne, amma na malaman manyan makarantun gwamnati ne kawai, jami'a da kwalejin ilimi da foliteknik, kuma sai makarantarka ta tura sunanka, ka sa hannu za ka dawo ka yi mata aiki. Malamin sakandare ko na makarantar kuɗi ba ya ciki, alhali su ne ke tare da yaran da ake binciken a kansu. Na fita waje ma hukumar ta dakatar da shi daga farkon 2025 saboda tsadar dala da waɗanda ke tafiya ba su dawo ba. Saura kowa daga aljihunsa, kuɗin rajista duk shekara, kuɗin mota, buga kundi kwafi-kwafi duk semina, har da lemo da ruwan 'yan kwamiti da ba a rubuta a ko'ina ba amma kowa ya san da shi. Mace kuwa ta haɗa duk wannan da goyo da girki da maigidan da in an yi rashin sa'a yake ganin karatun raini zai jawo masa.

Inda gizo ke saƙar, kundin kansa

Wannan ne ya fi damuna, kuma na san wasu abokan aiki ba za su ji daɗi ba. Shiga laburaren kowace tsangayar ilimi ka bi kan kundaye da ido, alaƙar ganin ƙimar kai da cin jarrabawa a tsakanin ɗaliban sakandare a ƙaramar hukuma kaza, alaƙar fargabar jarrabawa da cin jarrabawa a shiyyar kaza, sunan gari kawai ake canzawa. Kowa ya buɗe jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ya ɗauko 384, wanda shi ne adadin mutanen da ake ɗiba a yi bincike a kansu in jama'ar suna da yawan gaske, ya samo takardar tambayoyin da aka tsara don yaran Amurka ya ɗan taɓa ta, ya ce alfa ɗin Cronbach, wato ma'aunin daidaiton tambayoyin, ta haura 0.7, shi ke nan an gama.

Ni da kaina na raba irin takardar nan a wata ƙaramar sakandare ta karkara, da Turanci, layi talatin, kowane layi ka zaɓi na yarda ƙwarai ko na yarda ko ban yarda ba. Ina tsaye na ga wata yarinya a benci na gaba ta bi layin farko ta yi ta dangwala alama daga sama har ƙasa ko karantawa ba ta yi, na bayanta na leƙen nata suna kwafa. Da na ce ta karanta min layi ɗaya da ƙarfi sai ta sunkuyar da kai. Ba ta iya karatu ba sam, tana aji biyu na sakandare. A ranar na gane abin da na zo aunawa da abin da ke gabana sun yi hannun riga, ainihin tambayar digirin tana zaune a bencin nan, ya aka yi yarinya ta shekara takwas a makaranta ba ta haɗa baƙi ba kuma ba wanda ya lura? Da na kwashe takardun na zuba a SPSS lambobi za su fito tsaf har da tebur mai kyau, kuma da wuya wani ya kama ni.

Ƙari a kan haka, alaƙa ba dalili ba ce. Don ka ga masu fargaba sun fi faɗuwa ba ya nufin fargabar ce ta kayar da su, mai yiwuwa rashin iya karatun ne ya haifi fargabar. Yanzu kuma ga ChatGPT ya shigo, yana ƙirƙiro wa mutane sunayen littattafai da marubutan da ba a taɓa haifa ba, ɗalibi ya kwafa ya manna ko dubawa bai yi ba.

Masu cewa ɓata lokaci ne da masu cewa dole ne

Masu kushewa suna da hujja. Suna cewa shekarun da kuɗin da za ka zuba, in kasuwa ka saka su da ka yi gida, kuma ga daktoci nan suna yawo da fayil. In kai ma'aikacin banki ne ko ɗan kasuwa ko kana wata ma'aikatar da ba ruwanta da koyarwa, kuma sunan kawai kake so a gaban katin ɗaurin aure, to gaskiyarsu ce, ba zai ƙara maka komai ba sai hawan jini.

Ga malamin jami'a kuwa ba zaɓi ba ne, bisa tsarin NUC, hukumar kula da jami'o'i, in ba ka da PhD za ka tsaya ne a matakin lakcara na ɗaya, babban lakcara sai dai ka gani a ƙofar ofishin wasu, balle farfesa da ke kaiwa shekara 70 kafin ritaya. Kwalejojin ilimi na tarayya ma tunda dokar 2023 ta ba su damar ba da digiri da kansu, neman masu PhD ya ƙaru a can. Bayan koyarwa akwai hukumomin jarrabawa, WAEC da NECO da JAMB, don tsara tambayar da za ta bambance wanda ya sani da wanda ya yi canki-canka ilimi ne mai zaman kansa kuma 'yan ɓangaren awo ne ke yin sa, akwai NERDC masu manhaja, akwai UBEC da SUBEB na jihohi masu kula da ilimin matakin farko, akwai ƙungiyoyin da ke ayyukan ilimi a Arewa. Sai dai su ƙungiyoyin nan ba sunan suke saya ba, za su ajiye maka kwamfuta ne su ce ga bayanan yara dubu biyar, fitar mana da abin da ke ciki.

Ra'ayina, wanda ya kamata ya yanki fom shi ne wanda wata tambaya daga cikin aji ta hana shi barci. Kuma kafin ya biya ko sisi ya je sashen ya zauna da ɗaliban da ke ciki, ba malamai ba, ya tambaye su mutum nawa suka gama a hannun wane cikin 'yan shekarun nan.

To ina ruwan talaka da wannan?

Ruwansa kuwa har wuya, don 'ya'yansa ne a cikin ajin. Ɗauki rigimar harshen koyarwa da har yau ake ja-in-ja a kai. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ife, aka koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci na matsayin darasi kawai, aka kwatanta su da waɗanda aka juya wa harshe a tsakiya, kuma na Yarbancin ba su gaza ba har a Turancin kansa. Irin wannan aikin ake nufi da bincike, ka gwada a aji na gaske ka bi yaran shekara da shekaru. A Bauchi da Sakkwato an yi shirin Mu Karanta na koyar da karatu da Hausa a azuzuwan farko, abin tambaya shi ne daktocinmu nawa ne suka bi sawun yaran nan su gaya mana ina suka kwana?

Haka maganar bulala, haka ajin da yara suka haura ɗari a ƙasa kan siminti, yawancin ka'idojin da muke haddacewa a ajin yara ashirin ko talatin aka gwada su. Har abin da muke koya wa ɗaliban NCE ma akwai gyara, misali zancen nan cewa kowane yaro da salon koyonsa, wani da ido wani da kunne, a koyar da shi ta nan, wasu masana sun bi diddiginsa a 2008 ba su samu hujjar da ta tsaya ba, amma har gobe yana cikin handawut ana ba da maki a kansa.

Sai yaron da ake kira daƙiƙi. Wani kunnensa ne ba ya ji sosai, wani allon ne ba ya gani, wani yunwa ce, wani kuma disleksiya ce ke damunsa, wato wahalar haɗa harafi da sautinsa alhali basirarsa lafiya lau. Dukansu suna ɗaya muke ba su, magani ɗaya kuma, dorina. Ita Gwaggon abokin nawa ma ashe tana da jika irin haka a gida, 'yar aji huɗu, duk abin da aka faɗa a aji ta haddace shi kamar rediyo amma a nuna mata kalma ɗaya a tsakiyar shafi sai ido. Bayan sallah da ya je gaisuwa ya zauna da yarinyar a kan tabarma da gawayi da bayan kwali, ya rubuta ba, ya rubuta da, ta ce masa ai duk ɗaya ne. Ya fara sa aka kai ta aka duba idonta da kunnenta, lafiya ƙalau, sannan ya tsara wa yayarta abin da za su riƙa yi minti goma sha biyar kullum bayan magariba, gaɓa biyu kacal a rana, da Hausa, a faɗa a rubuta a ƙasa da yatsa, gobe a maimaita na jiya kafin a ƙara sabo. Da na tambaye shi kwanaki ya ce ta fara karanta rubutun jikin buhun shinkafa da na bayan Keke Napep, a hankali dai, tana yi tana tsayawa. Gwaggo kuwa har yanzu in za ta kwatanta shi cewa take Daktan nan namu da ba ya allura.